Biyan bashi bai isa ba, sai an goge jingina daga titir fonsiye

A Maraɗi, Damagaram da Tawa, ƴan kasuwa kan jinginar da titir fonsiye na gidajensu domin samun bashi a banki. Matsalar takan taso ne bayan an gama biya: sunan bankin yana nan a kundin rajistar filaye, domin biyan bashi kaɗai ba ya goge shi.

Sai mai gida ya karɓi takardar sakin jingina, wato mainlevée, daga bankin, galibi ta hannun notaire, ya kai ta ofishin rajistar filaye da ke ƙarƙashin hukumar haraji ta DGI.

Dokar OHADA ta 2010, wadda Nijar ke aiki da ita, ta yarda rajistar jingina ta kai shekaru 30. Ta kuma ba wanda banki ya ƙi sakar masa gida damar zuwa kotu.

Mai sakaci yakan gane kurensa ranar sayar da gidan, lokacin da mai saye ya ga sunan banki ya janye. Idan kuwa ya rasu, magada ne za su gaji wahalar.