Tarihin Ƙasarmu: Majami'ar Danja da makarantar Lahadi

Manoman Safo da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Najeriya sun san Danja, cikin gundumarmu ta Madarunfa. Asibitin wurin kowa ya sani. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne karatun da aka yi a gefensa.

Makarantar Lahadi daga Ingila ta samo asali. A 1769 wata mata mai bin ɗariƙar Metodis, Hannah Ball, ta fara tara yara ranar Lahadi a garin High Wycombe. A 1780 Robert Raikes ya buɗe tasa a Gloucester. Yaran talakawa ne masu aiki kwana shida a mako, ba su da ranar koyon baƙaƙe sai wannan.

Nan wajenmu, ƴan mishan na SIM ne suka kawo ta. Sun sauka Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri a 1927, sannan a 1956 suka buɗe wurin maganin kuturta a Danja. A zamanin nan maganin ba na sati guda ba ne. Mutum yakan baro garinsu ya zauna watanni, wani ma shekaru. Ga zaman jira, ga majami'a kusa, ga Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa tun 1932. To, wanda ke son ya karanta shi da kansa, dole ya koyi a, ba, ca.

Lakwal ta Nasara kuwa Faransanci kaɗai take koyarwa, shi ya sa hukumar Faransa ba ta saki jiki da waɗannan baƙi ba: ga su masu Ingilishi, ga su suna koyar da Hausa. Ma'aikatar yaƙi da jahilci ta gwamnati sai a 1963 aka kafa ta. Kafin nan, a 1961, Kiristocin ƙasa sun kafa ekilisiyarsu, EERN.

Yawancin mutanen Madarunfa Musulmi ne, suna da makarantun allo tun kaka da kakanni, kuma iyaye da yawa sun ƙi tura ƴaƴansu wajen mishan don tsoron a raba su da addininsu. Tsoron yana da dalili, don mishan ba ta ɓoye nufinta ba.

Amma akwai abu guda da malaman yaƙi da jahilci ya kamata su duba. Ajinsu da rani yake ci. Ruwan farko na sauka, kowa ya ɗauki hauya, ajin ya watse har bayan girbin hatsi, a dawo a tarar rabin baƙaƙen sun gudu. Makarantar Lahadi ba ta san rani da damina ba. Awa guda ce a mako, amma kowane mako ana buɗe littafi, ko ana tsakiyar noman farko.