Lamba Ɗaya Ba Ta Tabbatar Da Cuta

Wasu na cewa da zarar gwajin ELISA ya nuna furotin sCD25 ya kai 2400 a jinin majiyyaci, shi ke nan, cutar HLH ta tabbata. Da wace hujja? Wannan furotin yana ɓallewa ne daga jikin ƙwayoyin garkuwa idan sun harzuƙa, kuma tarin fuka, sankarar kaluluwa da gazawar ƙoda duk suna ɗaga shi. Ƙa'idojin HLH-2004 sun jero alamu takwas, ana neman biyar; sCD25 ɗaya ce tal cikinsu. In an ce lamba ba ta ƙarya, wace lambar? Wani ɗakin gwaji da U/mL yake aunawa, wani da pg/mL. Kuma a jinin lafiyayyen jariri sCD25 ya fi yawa kan na babba.