Inshorar mota: Tarkon araha da ke jiran sababbin direbobi a Ikara, Makarfi da Kudan

Duk matashin da ya karɓi lasisin tuƙi a karon farko, akwai wata takarda guda da ba kasafai yake tsayawa ya karanta ba. Tana zuwa ne a cikin tarin takardun mota da wani ɗan kamasho ya haɗo masa, ya naɗe ta ya jefa a aljihun gaban mota, ba zai sake tunawa da ita ba sai ranar da jami'i ya tsayar da shi a hanya. Wannan takarda ita ce shaidar inshora, kuma a cikin takardun mota duka ita kaɗai ce aka yi domin ta biya kuɗi a madadinsa ranar da tsautsayi ya faɗa.

Tun daga ranar 1 ga Fabrairu, 2025, lokacin da rundunar 'yan sandan Najeriya ta fara tilasta dokar inshorar ababen hawa a faɗin ƙasa bisa umarnin Sufeto Janar Kayode Egbetokun, maganar ta dawo bakin jama'a. Tambayar da iyaye da 'ya'yansu suka fi yi a garuruwa irin su Ikara, Makarfi da Hunkuyi, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Kudan, ita ce: a ina ake samun ta da sauƙi? Amsar da ya kamata kowa ya sani ita ce, inshorar wajibi ba ta da ciniki. Farashinta a ƙayyade yake, kuma wanda ya yi maka tayin ƙasa da haka takarda ya sayar maka, bai sayar maka da kariya ba.

Abin da doka ta ce

Wajabcin inshorar mota ba sabon abu ba ne a Najeriya. Dokarsa ta samo asali tun 1945, zamanin mulkin Turawa, sannan dokar inshora ta 2003 ta sake jaddada shi, ta kuma tanadi tarar Naira 250,000 ko ɗaurin shekara guda, ko duka biyun, ga wanda ya saɓa. A shekarar 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta bar wajabcin yadda yake, ta kuma ƙara yawan jarin da kamfani zai mallaka kafin ya yi wannan sana'a.

Nau'in da doka ta wajabta shi ne wanda ake kira inshorar ɓangare na uku. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa shi ne duk wanda motar ta yi wa ɓarna: mai babur da aka buge, mai shagon da aka rushe wa rumfa, ko mai motar da aka daka ta baya. Ba ta gyara motar mai ita, ba ta biyansa idan an sace ta. Aikinta ɗaya ne, wato ɗauke masa nauyin haƙƙin wani.

Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ke yanke farashi. Daga ranar 1 ga Janairu, 2023, ta ɗaga kuɗin motar gida daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a shekara, ta kuma ɗaga iyakar abin da kamfani zai biya kan dukiyar da aka lalata daga Naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da ɗan kasuwa ke ɗaukar kayansa da ita tana biyan Naira 20,000, babbar motar dakon kaya Naira 100,000, keke mai ƙafa uku Naira 5,000, babur kuma Naira 3,000. Rauni da rasa rai suna da nasu lissafin daban da na dukiya. Kuɗin ya haɗa har da katin inshorar ƙasashen ECOWAS, wanda ke amfani ga mai tsallaka iyaka da motarsa zuwa ƙasashen da ke cikin tsarin.

Gatan da matashinmu bai san yana da shi ba

A Ingila, shekarun direba su ne farkon abin da kamfanin inshora ke dubawa. Ɗan shekara 18 da ya ci jarrabawar tuƙi jiya yakan biya ninkin-ba-ninkin abin da mahaifinsa ke biya, har wani lokaci kuɗin inshorar shekara guda ya zarce kuɗin tsohuwar motar da ya saya. Don neman rangwame, matasa da dama a can kan amince a maƙala wa motarsu wata na'ura mai lura da gudu da taka birki da tuƙin dare. Kamfanonin ba zalunci suke yi ba, lissafi ne: sabon direba ya fi shiga haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bayyana haɗarin hanya a matsayin babban abin da ke kashe masu shekara 5 zuwa 29 a duniya.

A Najeriya ba haka tsarin yake ba. Naira 15,000 ɗin da dattijon da ya shekara 30 yana tuƙi zai biya, ita ce ɗalibin da ya fito daga makarantar koyon tuƙi a makon jiya zai biya. Idan aka raba ta, Naira 1,250 ce a wata, kimanin Naira 41 a rana, abin da bai kai kuɗin litar man fetur ɗaya a mako ba. Ma'ana, masu tuƙi a tsanake ne ke tallafa wa sababbin shiga ba tare da sun sani ba. Saboda haka wahalar matashin Makarfi ba ta tsadar inshorar wajibi ba ce. Wahalarsa ita ce yadda zai tabbatar cewa abin da ya biya ya isa hannun kamfani na gaskiya.

Inda ake yin asarar

Mafi yawan ofisoshin kamfanonin inshora suna manyan birane ne, Kaduna da Kano da Zariya. Mutumin Paki ko Gubuci ko Likoro da ya sayi mota yakan damƙa komai a hannun wanda ya san hanya, ya ba shi kuɗi a dunƙule, a kawo masa lamba da lasisin mota da sauran takardu. A cikin wannan dunƙulen ne inshorar jabu ke shiga. Takarda ce mai tambari da hatimi, wani lokaci da sunan kamfanin da babu shi, wani lokaci da sunan kamfani na gaske wanda bai taɓa ganin kuɗin ba. Tana iya wucewa a wani shingen bincike, amma ranar biyan diyya ba ta da amfanin komai, domin ƙa'idar inshora a Najeriya ita ce kamfani ba ya ɗaukar nauyi sai kuɗi sun shiga hannunsa.

Akwai dalilin da ya sa mutane ke faɗawa wannan tarko. Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, riƙe mota ya zama nauyi. A watan Yunin 2025 kuma aka ƙara kuɗin lasisin tuƙi zuwa Naira 15,000 na shekara uku da Naira 21,000 na shekara biyar, lambar mota kuma ta koma Naira 30,000. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 72,000 da Gwamnatin Jihar Kaduna ta amince da shi a 2024, idan ya zo yi wa ɗansa takardu, dole ya nemi inda zai rage. Inshora ce ke fara shan wuƙa, domin ita ce ba a ganin amfaninta nan take.

Amma araha ba ta ado. A ƙaddara matashi ya fito daga Makarfi zai hau babbar hanyar Zariya zuwa Kano ta Tashar Yari, ya yi kuskuren lissafi ya bugi motar wani ta gefe. A farashin kayan gyara na yau, ƙofa biyu da fitila da fenti na motar zamani za su iya cinye albashin watanni da yawa. Abin da aka saba yi shi ne sulhu: dattawa su shiga tsakani, a je gareji a ƙiyasta, uba ya ɗauki nauyi. Sulhu alheri ne, sai dai ba ya samar da kuɗi. Buhunan masara ne ke fita daga rumbu, ko a sayar da sa, ko a jinginar da gonar rake. Naira dubu goma da aka tsimi a ranar yin takardu ita ce ke komawa bashin da gida zai shekara yana biya.

Tarko na biyu: takarda ta gaskiya, aiki na daban

Ko da inshorar ta gaskiya ce, akwai sharuɗɗan da ke iya soke amfaninta, kuma biyu daga ciki sun fi shafar matasan wannan yanki.

Na farko shi ne lasisi. A bisa al'adar yarjejeniyar inshora, kariyar tana bin motar ne tare da duk wanda mai ita ya ba izinin tuƙawa, muddin yana da lasisi mai aiki. Wannan sauƙi ne ga iyali, domin ɗa zai iya tuƙa motar mahaifinsa ba tare da an sayi wata inshorar ba. Amma yaron da ya koyi tuƙi a hannun yayansa a filin makaranta, bai bi ta makarantar tuƙi mai rajista da gwajin jami'an VIO da ɗaukar hoto a ofishin FRSC ba, ya buɗe wa kamfani ƙofar ƙin biya. Haka ma wanda lasisinsa na bayan fage ne.

Na biyu shi ne aikin da ake yi da motar. A yankin da tattalin arziƙi ya dogara da noma da cin kasuwannin mako, da wuya mota ta zauna a matsayin ta gida zalla. Ranar kasuwar Makarfi ta ɗebi fasinja, lokacin kakar tumatir a Ikara da Kudan ta ɗauki kwanduna, da damina ta kai taki gona. Inshorar Naira 15,000 ta motar hawa ce da zirga-zirgar mai ita, ba ta haɗa da kabu-kabu ko dakon kaya don kuɗi ba. Wanda ya san motarsa za ta yi haya, ya faɗa wa kamfani gaskiya tun farko, ya biya kuɗin rukunin da ya dace. Bambancin kuɗin kaɗan ne idan aka kwatanta da ranar da za a ce masa takardarsa ba ta shafi abin da ya faru ba.

Cikakkiyar inshora da batun takaful

Inda shekaru da ƙwarewa ke tasiri shi ne cikakkiyar inshora, wadda ke biyan gyaran motar mai ita da sata da gobara. NAICOM ta hana a sayar da ita ƙasa da kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar Naira miliyan 6 ke nan za ta ci aƙalla Naira 300,000 a shekara, fiye da mafi ƙarancin albashi na wata huɗu. Ban da haka, irin wannan yarjejeniya kan ƙunshi wani kaso na kuɗin gyara da mai mota zai biya daga aljihunsa, kuma kason yakan ƙaru idan matashi ko sabon direba ne ke riƙe da sitiyari. Ga mai tsohuwar mota, lissafin ba ya fita. Ga wanda ya ci bashi ya sayi mota mai tsada, ko wanda motar ce jarinsa, ya kamata ya nemi farashi daga kamfanoni biyu ko uku, ya tambayi wannan kason ƙarara kafin ya sa hannu.

Akwai kuma magidanta da dama da ke ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da rashin tabbas a cikin cinikin. Wannan uzuri ya ragu tun da NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013. A tsarin takaful, mahalarta suna zuba gudummawa ne a asusun taimakon juna, kamfani yana kula da shi bisa lada, idan an samu rara kuma a raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba. Kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful, mai hedikwata a Kano, suna da lasisin hukuma, kuma takardarsu ta mota karɓaɓɓiya ce a doka kamar kowace.

Abin da ya rage a yi

Hanyar gane ta gaskiya tana cikin wayar kowa. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya tana da rumbun bayanai mai suna NIID, inda ake shigar da kowace inshorar mota ta halal. Ana duba shi ta shafin askniid.org, ko a danna *565*11# a sa lambar mota. Idan sunan motarka bai fito ba, ka koma wurin wanda ya karɓi kuɗinka. Ana kuma iya sayen inshorar kai tsaye daga shafin kamfani ta intanet, ba tare da zuwa Zariya ba. Idan haɗari ya faru, a sanar da 'yan sanda, a ɗauki hotuna, a kira kamfani da wuri, kada a yi alƙawarin biya kafin ya sani. Kamfanin da ya yi taurin kai, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi.

Nauyi bai tsaya kan matasa kaɗai ba. Tilasta doka a kan hanya, ko daga 'yan sanda ko daga jami'an KASTLEA, ba zai haifar da ɗa mai ido ba idan abin da ake dubawa takarda ce kawai, ba a duba rumbun bayanai. Hakan ma kasuwa yake buɗe wa masu buga jabu. Kamfanonin inshora su ma sai sun sauko daga birane, sun sa wakilai a tashoshin mota da kasuwannin mako, sun yi bayani da Hausa, sannan sun biya diyya a kan lokaci. Mutumin karkara ba ya yarda da talla, yana yarda da abin da ya gani an yi wa maƙwabcinsa. Ranar da aka ji a Ikara cewa kamfani ya biya gyaran motar da wani yaro ya buga, ba tare da mahaifinsa ya taɓa rumbunsa ba, ranar ce 'yan kamasho za su fara rasa kasuwa.

Kafin wannan rana, uban da zai miƙa wa ɗansa makullin mota ya karɓi takardar inshorar, ya danna lambar nan a wayarsa, ya ga sunan motar ya fito da idonsa.