"Allah Ya Isa" Ba Maganar Banza Ba Ce

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba jin talaka ya ce "Allah ya isa" idan an danne masa hakki, mu kuwa 'yan boko mu ɗauka kukan wanda dabara ta ƙare wa ne. A ganinmu wannan ganganci ne.

Ku dubi Haulatu 'yar Sa'alaba, matar Ausu ɗan Samitu. Mijinta ya yi mata zihari bayan ƙuruciyarta ta ƙare a gidansa, ga 'ya'ya. Ta kai kuka wurin Manzon Allah (S.A.W.) a Madina, a lokacin babu hukuncin da ya sauka game da al'amarin, sai ta kai ƙara ga Ubangiji. Nana A'isha ta na kusa, amma wani sashen maganar ya kuɓuce mata. Allah kuwa ya ji duka, ya saukar da farkon Suratul Mujadala, sura ta 58, aka rushe wata al'adar Jahiliyya saboda kukan mace ɗaya.

Haka kuma da Manzo ya aiki Mu'azu ɗan Jabal ƙasar Yaman, ya hana shi zaɓen mafi kyawun dukiyar mutane wajen karɓar zakka, ya kuma tsoratar da shi addu'ar wanda aka zalunta, domin babu shamaki tsakaninta da Allah. Lura fa, ma'aikacin hukuma aka yi wa gargaɗin!

To, gobe mu ne alƙalai, mu ne likitoci, mu ne manyan sakatarori. A kan teburinmu takardar fanshon tsoho za ta kwana, shi kuwa tsohon ya na zaune bakin ƙofa tun hantsi, ya na jan carbi, masinja ya na ce masa ya dawo jibi.