Noma da Kiwo: Abin da Tukunyar Bakin Tekun Gana Ke Koya wa Manomi

Duk bafataken da ya taɓa kai albasa ko shanu Ankara, babban birnin ƙasar Gana, wanda masu garin ke kira Akra, ya san wani abu da ke ba baƙon Arewa mamaki. Zai ga Bature ko baƙar fatar Amurka, wanda ya biya kuɗin jirgin sama masu yawa, ya baro otel mai benaye, ya zo ya zauna bisa benci a rumfar wata mata. Ya wanke hannu, yana cin curin masara da soyayyen kifi da barkono, gumi na zuba, shi kuwa sai murna ya ke yi. Ba talauci ya kai shi rumfar nan ba. Abin da ya fito nema ke nan, watau ya ɗanɗana abincin da masu ƙasa ke ci, a wurin da a ke dafa shi.

Wannan al'amari ya shafi manomin Arewa fiye da yadda ya ke zato, domin kashi mai yawa na abin da ke cikin tukwanen nan daga gonakin Arewa ya fito, wasu ma har da sunayensu na Hausa. Amma suna da riba suna tsayawa hannun wanda ya ƙarasa aikin. To, ya kamata a duba yadda mutanen bakin teku suka yi har abincin talakawansu ya zama abin da a ke ƙetare teku domin a ci.

Hanyar bakin teku

Gaɓar tekun Gana ta fi kilomita 500 tsawo. Yawancin baƙi daga Ankara su kan nufi yamma, tafiyar kusan kilomita 150, zuwa Kef Kos da Elmina, inda manyan gidajen nan na dutse su ke, waɗanda aka riƙa tsare bayi a ciki kafin a sa su jirgi. Na Elmina Turawan Fotugal suka gina shi a 1482. A 2019 gwamnatin Gana ta kira jikokin bayin da aka kai Amurka su zo su ga ƙasar kakanninsu, suka kuwa zo da yawa. Amma mai ziyara ba ya cin dutse. In ya gama kallo sai yunwa ta aike shi wurin mai tukunya, nan ne kuɗinsa ke shiga hannun talaka.

Babban abincin gaɓar nan shi ne kenke. Ƙabilar Ga ta Ankara suna ce masa komi, Fanti kuwa suna ce masa dokono. Masara ce zalla, amma aikinta da yawa. A kan jiƙa ta kwana biyu ko uku, a niƙa, a kwaɓa, a bar ƙullin ya yi tsami wajen kwana biyu ko uku kuma. Sa'an nan a raba shi biyu, a tuƙa rabi bisa wuta, a gauraya da ɗanyen, a cura, a naɗe, a dafa sa'o'i da dama. Mutanen Ga suna naɗewa da ɓawon goyon masara, suna sa gishiri. Fanti kuwa da ganyen agada su ke naɗewa, watau babbar ayabar nan ta suya, nasu kuma ya kan yi kwanaki bai lalace ba, don haka matafiyi ke iya yin guzuri da shi. Akwai wani gari a mararraba kusa da Kef Kos, a na kiransa Yamoransa, wanda ya yi suna da wannan sana'a. Mata sun jera tulin kenke a bakin hanya, motoci na tsayawa, fasinja na saye su kai tsaraba. Masara dai masara ce a ko'ina, amma ta Yamoransa ta sami suna, sunan kuwa shi ke tsai da mota.

Abokin tafiyar kenke shi ne kifi. Da safe a Elmina jiragen masunta na katako, masu fenti iri iri, su kan cika bakin tafkin Benya, mata na jira da kwanoni. Wani kifin a soya, wani a dafa shi ɗanye cikin manja da tumatir da barkono, sauran a yi banda. Murhun bandar da aka fi sani sunansa Corko, sunan wata unguwar masunta ce a Ankara inda aka fara shi a 1969. Na laka ne, a na ɗora masa tire-tire na katako masu ragar waya, ɗaya bisa ɗaya, hayaƙi guda ya ratsa su duka, itace kaɗan ya gasa kifi mai yawa. Ko ƙananan kifi da jatan lande ba a zubar da su. A kan busar, a daka, a soya da mai da albasa da barkono har ya yi baƙi, shi ne yajin da su ke kira shito, wanda har cikin kwalba a ke sayar da shi a kantunan Ingila da Amurka.

Wajen abin sha, akwai ruwan ɗanyar kwakwa da a ke sare wa mutum a gabansa, da asana, wanda a ke yi da tsirarriyar masara da ƙonannen sukari, da zoɓo, wanda su ke kira sobolo. Akwai kuma bammi, amma wannan ba ruwan Musulmi da shi.

Hannun Arewa cikin tukunya

In baƙon nan ya tashi da safe a Ankara ya tambayi abin karin kumallo, abin da za a nuna masa shi ne Hausa koko da kose, watau kokon gero mai citta da kanumfari, da ƙosai. In rana ta ɗaga sai a kai shi wurin mai wace, wanda su ke rubutawa waakye, ba kuwa wani abu ba ne illa wake da shinkafa. Da dare ga tuwo zafi, ga mai tsire a bakin titi, su suna ce masa cicinga, yajinsa na ƙuli-ƙuli. Waɗannan duk fataken goro da ke zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, da sojoji, da malamai, da matansu suka kai su. Daga zango-zango, irin su Nima da Sabon Zango na Ankara, suka bazu, har suka zama abincin ƙasa baki ɗaya.

Abin lura ga manomi shi ne jan da wacen nan ke yi. Ba wani abin kanti ne ke kawo shi ba, karan dafi ne. Jar dawar nan da dukawa ke rina fata da ita, wadda wani manomin ke bari tsilli-tsilli a gefen gona, ita ce a ke ƙulla busasshen ganyenta dami-dami a na sayarwa a kasuwannin Gana, a jefa cikin tukunya tare da kanwa. Abin da aka raina a wani wuri, a wani wurin ba a ɗora tukunya sai da shi.

Haka kuma albasa. Mutanen Anloga da Keta, a gabashin gaɓar, suna noman ƙananan albasa bisa rairayi tsakanin tafki da teku, da taki da ruwan rijiya, amma ba ta isar ƙasar. Kashi mai yawa na albasar da Ankara ke ci daga Nijar a ke kawo ta, musamman jar nan ta Galmi, wata kuma daga Nijeriya da Burkina Faso. Babbar kasuwarta a dā tana Agbogbloshi, a 2021 aka tashe ta zuwa Ajen Kotoku, bayan gari. Da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na 2023, motocin albasa suka maƙale a hanya, kaya ya ruɓe, tsada ta hau a Ankara. A lokacin ne mai shito da mai wace suka san cewa rabin tukunyarsu tana gonar wani mutum da ba su taɓa gani ba.

Ina ribar ke tsayawa

To, ga inda maganar ta ke. Manomi ya yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi ban ruwa, ya sayar da buhu a bakin gona ran da kowa ke sayarwa, watau ran da kaya ya fi araha. Matar da ta jiƙa masara ta mai da ita kenke, ko ta soya albasa da barkono ta zuba a kwalba, ita ke sayarwa kullum, rani da damina, kuma da sunanta a ke nemanta. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba laifin matar ba ne, domin guminta ta ci. Laifin na wanda ya tsai da aikinsa a rabi ne.

Wani zai ce, ai Arewa ba teku, ba kuwa baƙi masu yawon buɗe ido kamar na Gana. Gaskiya ne baƙi ba sa zuwa inda hanya ba ta da aminci, wannan kuwa nauyi ne bisa wuyan hukuma. Amma ba teku ke sa mota tsayawa a Yamoransa ba, gwaninta ce da riƙon amana. Arewa kuma tana da nata. Bikin kamun kifi na Argungu tun 1934 ya ke tara jama'a, hawan salla na Kano da Katsina da Zariya ma haka. Ga kilishi, ga dambun nama, ga fura da nono, ga daddawa, ga ƙuli-ƙuli. Baƙo na farko ma ba Bature ba ne. Direban babbar mota ne, da ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki, da ɗan makaranta mai komawa gida da tsaraba. Kuma duniya ta fara girmama irin wannan abinci: a 2021 hukumar UNESCO ta sa dafa-dukar shinkafa da kifi ta Sanagal cikin al'adun da a ke tattalinsu, a 2024 ta ƙara da aceke, abincin rogo na Kwaddibuwa. Duk biyun abincin talakawa ne.

Akwai kuma gargaɗi a gaɓar nan. Ƙananan kifin da talakan Gana ya dogara da su sun ragu ƙwarai tun daga shekarun 1990, saboda yawan jirage, da taru mai ƙananan ido, da manyan jiragen da ke kwashe har 'ya'yan kifi. Kakanninsu sun hana fita su ran Talata domin teku ta huta, amma hutun kwana ɗaya bai isa ba, har a 2019 gwamnati ta tsai da masu ƙananan jirage wata guda cur. Ga ƙasa mai teku, amma tana sayen kifin ƙanƙara daga waje. Kwakwa ma wata cuta da aka fara gani wajen Keta a 1932 ta kashe gonakinta masu yawa. In tushe ya mutu, suna ba ya daɗewa. Yadda teku ke gajiya, haka gona ke gajiya in a na ɗiba ba a mayar mata da taki.

Abin yi

Manomi ya kamata ya san inda kayansa ke ƙarewa, da abin da mai dafawa ke so. Ya bar albasa ta ƙosa, ya shanya ta a inuwa har wuyanta ya bushe, ya ware manya da ƙanana, ya ajiye wata a rumbu mai shan iska zuwa lokacin da ta yi daraja. Wake da gero a sheƙe su sarai, ba tsakuwa, kuma kada a zuba musu maganin ƙwari da ba na abinci ba, ga buhun nan mai leda biyu a ciki da ke kashe ƙwari ba magani. Wanda ke da gefen gona ya gwada kunya biyu ko uku na karan dafi ko zoɓo, bayan ya tambayi fatake kuɗinsu. Matan gida kuma a taimake su da injin niƙa da wurin shanya mai tsabta, domin a hannunsu ne buhu ke zama kuɗin yau da kullum.

Ɗan kasuwa shi ne mai riƙe da sunan gari. In ya sa manya a bakin buhu ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa, ko ya sayar da albasar wani wuri da sunan ta Galmi, ya ci ribar rana ɗaya, ya kashe kasuwar shekara goma, ba tasa kaɗai ba, har ta maƙwabtansa.

Akawu kuwa nasa ya fi sauƙi, amma ya fi wuya. In an yi baƙi a ofis, ko a na taro, ya daina jin kunyar tuwo da miyar kuka, da waina, da kunun gyaɗa. Baƙo ya baro lemon kwalba da biskit a garinsu, ba su ya zo nema ba. Kowane kwano na abincin gida da aka saya, kuɗin yana komawa ga mai dafawa, daga ita zuwa mai awo, daga mai awo zuwa manomi. Ma'aikatan hukuma da ke kula da kasuwanni da tashoshin mota su ma su sani, rumfa mai inuwa da ruwa mai tsabta da wurin wanke hannu su ke sa matafiyi ya tsaya ya ci, ya kuma komo.

Mutanen Ga suna da wani biki da su ke yi kowace shekara wajen watan Agusta, sunansa Homowo, ma'anarsa yi wa yunwa ihu. Suna tuna wata yunwa da kakanninsu suka sha, da amfanin gona da ya biyo bayanta, abin da su ke dafawa ran nan kuwa masara ce da miyar kwakwar manja da kifi, ba wani abin ƙetare ba. Wanda ya girmama abin da gonarsa ta ba shi haka, ba abin mamaki ba ne in baƙi sun zo taya shi ci. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kai fatake gida lafiya, amin.