Gani Ya Kori Ji: A Koya wa Ɗalibi GDB Tun da Wuri

Duk wanda ya fara koyon rubuta manhajar kwamfuta, ba rubutun ne ya fi ba shi wuya ba, sai dai gano inda kuskure ya ɓuya. Ɗalibi zai kwana a kan aikinsa, ya ba kwamfuta, ita kuwa ta fito da amsar da ba ita ba, ko ta tsaya cak. Daga nan sai lalube cikin duhu: ya sauya wannan layi, ya goge wancan, ko Allah zai sa a dace. Alhali kuwa akwai kayan aikin da aka ƙera domin wannan matsala, amma sau da yawa akan jinkirta koyar da shi, wai ya fi ƙarfin sabon shiga. Wannan jinkiri kuskure ne babba.

GDB manhaja ce ta farautar kuskure wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a Amurka cikin 1986, a ƙarƙashin shirin GNU, kuma kyauta ake samunta. Ba ta da hotuna ko maɓallan latsawa. Umarni ake rubuta mata, ta amsa a rubuce. Wannan baƙin allo shi ke tsorata ɗalibi, amma abin da yake bukata da farko bai wuce umarni shida ba.

Da fari sai ya harhaɗa manhajarsa da gcc tare da alamar -g, domin GDB ta gane sunaye da lambobin layukan da ya rubuta. Umarnin break yana kafa shinge a layin da ake zargi, run kuwa ya saki manhajar ta yi tafiya har ta iso shingen. Da next ake takawa layi ɗaya, step kuma ya kutsa cikin ƙaramin aikin da layin ya kira. Da print ake leƙa abin da ke cikin kowane mazubin lissafi. In kuwa manhajar ta faɗi, backtrace ne zai bi sawunta ya nuna hanyar da ta biyo.

Misali, a ce ɗalibi ya rubuta manhaja da harshen C don tara makin mutum 10, sai jimla ta fito dubbai. Da ya kafa shinge kafin tarawar, ya leƙa mazubin jimla, sai ya tarar da wata lamba a ciki tun ba a tara kome ba, domin bai fara sa masa sifiri ba, C kuwa ba ta share irin wannan mazubi da kanta. Darasin da malami zai yi ta nanatawa a allo, ga shi ɗalibi ya gani da idonsa.

Wasu malamai kan ce ai ya isa ɗalibi ya riƙa cusa layukan buga sakamako nan da can. Dabarar tana da amfaninta, amma kowace sabuwar tambaya sai an sake gyara rubutun an sake harhaɗawa. Wasu kuma su ce a bar shi da manhajoji masu maɓallai. To, da dama daga cikinsu GDB ce ke aiki a ƙarƙashinsu, kuma ran da aiki ya kai mutum ga kwamfutar da ke nesa, wadda sai da rubutaccen umarni ake isa gare ta, maɓallan ba za su cece shi ba.

Saboda haka ya kamata malamai su gabatar da GDB tun makonnin farko, su ba ɗalibai manhaja mai kuskuren da aka dasa da gangan, a ce su tono shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗalibin da ya saba da zato zai girma yana zato, wanda kuwa aka koya wa dubawa zai riƙa tambayar kwamfuta abin da ta yi kafin ya taɓa layi ko ɗaya.