Ɗaliban Shari'a a Ajin Sakandare

A shekarar 1972 ɗaliban shari'a na Jami'ar Georgetown da ke birnin Washington na Amurka suka fara shiga makarantun sakandare, suna koya wa matasa dokokin da suka shafi rayuwar yau da kullum. A 1986 wannan tsari ya isa Jami'ar Natal ta Afirka ta Kudu, ana tsakiyar mulkin wariyar launin fata. Ya dace makarantun ƙasar Hausa su buɗe ƙofa ga irin wannan aikin sa-kai, amma da sharaɗin a yi shi da harshen da yara suke ji.

Bukatar a fili take. Sashe na 35 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamun a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake fahimta. Haka kuma a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tsakanin kilomita 40. Bugu da ƙari, dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ta haramta kama mutum a madadin wani. Yaron da ya san wannan, ranar da aka zo tafiya da mahaifinsa saboda laifin wansa, ya san abin da zai faɗa da inda zai kai kuka.

Wasu na ganin hakan zai sa yara fitsara, wasu kuma na cewa ɗalibi bai zama lauya ba tukuna. Gaskiya ne bai halatta ya ba da shawarar lauya ba, don haka dole malamansa su sa ido a kansa. Batun fitsara kuwa, wanda ya san haƙƙinsa shi ne ya san iyakarsa.

A nan ne malamin Hausa yake da aiki. Ɗalibin shari'a da Ingilishi ya yi karatu, kuma sau da yawa yakan kasa bambance wa yaro tuhuma da hukunci, ko beli da sallama, ko ƙara da ɗaukaka ƙara. Malamin Hausa ne zai zauna da shi kafin darasi su tace kalmomi, su shirya wasan kwaikwayon zaman kotu. In ba haka ba, baƙon zai yi ta zuba, yara su tafa masa, su koma gida yadda suka zo.